Wa Ke Da Ikon Cewa A Fito Daga Rami?

Duk wanda ya san ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, zai yi mamaki idan ya ji muna maganar haɗarin haƙar ma'adinai a kanta. Ƙasa ce ta rairayi, ta gero da riɗi da wake da dabbobi. Ba a san ta da zinariya kamar Zamfara ba, ba a kuwa san ta da kuza kamar Jos ba. Ko dutsen da za a fasa a yi tsakuwa sai an ɗauko shi daga wajen Dutse ko Kazaure. To, ina ruwan Lautai da ramin ma'adini?

Da ruwanta, har ta hanya biyu. Ta farko, ƙasar da ba ta da zinariya tana da samari, samarin nan kuwa ba su zaman gida da rani. Da an gama girbi an kai amfani rumbu, sai ci-rani. A da, ci-rani yana nufin Kano ko Ikko ko Fatakwal, a yi dako ko gadi ko sayar da ruwa. Yau kuwa, da zarar an ji labarin zinariya ta ɓulla a wani daji, ko a Nijeriya ko a Nijar, sai matasa su ɗaure 'yan kayansu su bi. Ta biyu, mu ma a nan gida muna haƙa. Muna haƙar yashi da ƙasar gini da burji, muna haƙar rijiya da masai. Ba mu kiran waɗannan ma'adinai, amma ƙasar da take danne mai neman zinariya ita ce take danne mai ɗibar yashi.

Abin da muke so mu faɗa guda ɗaya ne. Sau da yawa, kafin rami ya binne mutane, akwai wanda ya ga alamar haɗarin da idonsa, amma ba shi da ikon tsai da aiki. Muddin ba a ba ƙaramin lebura ikon cewa "a fito" ba, a kuma fito ɗin ba tare da ya rasa ladansa ba, to, hular kwano da dokar gwamnati da jami'an tsaro ba za su isa su rage mana yawan gawawwaki ba.

ABIN DA YA FARU A ƊAN ISA

Bari mu fara da maƙwabta. Garin Ɗan Isa yana cikin jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, a kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Jibiya. Ƙasar Hausa ce, bakin iyaka ne kuma kamar Maigatari. A shekarar 2021 aka gano zinariya kusa da ƙauyen Garin Liman, kafin 'yan watanni dubban mutane sun cika wurin. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba, 2021, ƙasa ta rufta. A sanarwarsa ta farko, magajin garin Ɗan Isa ya ce mutum 18 sun mutu, an kwantar da 7 a asibiti, akwai kuma 'yan Nijeriya cikin waɗanda suka ji rauni. Daga baya hukumomin Nijar suka ba da umarnin rufe wurin.

Mu ma a wannan gefen iyaka ba mu tsira ba. Ranar 3 ga Yuni, 2024, bayan ruwan sama mai ƙarfi, wani babban rami ya rufta a Galkogo cikin ƙaramar hukumar Shiroro ta Jihar Neja, ya rufe mutane da dama, aka yi kwana da kwanaki ana neman su. A watan Nuwamba na 2024 ɗin, samari 13 suka mutu a ramin haƙa a ƙaramar hukumar Bassa ta Jihar Filato. A watan Satumba na 2025 kuma, ramin zinariya ya rufta a Kadauri cikin ƙaramar hukumar Maru ta Jihar Zamfara.

Abin da yakan biyo baya mun haddace shi. Manya su zo ta'aziyya, a yi alkawarin bincike, a ce an rufe wurin, sa'an nan a manta. Matar mamaci ta koma gidan iyayenta da yara, ƙanensa kuma ya ɗauki digar da ya bari.

"KWANANSA NE YA ƘARE"

Wannan ita ce maganar da mukan ji a wurin zaman makoki, ba mu kuwa ga laifin mai faɗinta domin ya sanyaya zuciyar uwar da ta rasa ɗa ba. Amma maganar tabarmar ta'aziyya ce, bai kamata a ɗauke ta a kai ta bakin rami ba. Mutumin da yake faɗinta shi ne yake ɗaure akuyarsa da dare, yake rufe bakin rijiyar gidansa domin yara, yake duba tayar mota kafin ya ɗauki hanyar Haɗejiya. Ba ya cewa idan kwanan yaron bai ƙare ba, ba zai faɗa rijiya ba. Don me sai a rami kaɗai muke naɗe hannu? Ya kamata kuma mu tambayi kanmu, wa yake cin ribar wannan magana? Lalle ba marayu ba ne. Mai ramin da bai sayi katakon tokara ba, shi ne take wanke wa hannu.

Mu dubi abin da ƙasa take yi. Idan aka yanki ƙasa mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, nauyinta ya kai wajen tan 1 da rabi, watau kamar manyan buhunan gero 15. Ba sai ta rufe kan mutum za ta kashe shi ba. Idan ta kai masa ƙirji, duk lokacin da ya fitar da numfashi sai yashi ya ƙara matse shi, har ya kasa jawo wani. Abin 'yan mintoci ne. Kafin a kira motar haƙa daga Gumel, balle daga Dutse, aikin ceto ya zama aikin tono gawa.

Wasu suna tuna labarin ƙasar Chile, inda a shekarar 2010 aka ceto mahaƙa 33 bayan sun yi kwana 69 a ƙarƙashin ƙasa. Gaskiya ne, amma su cikin dutse suke, suna da ɗakin fakewa da aka tanada tun kafin haɗari, aka kuma kawo manyan injuna aka huda dutsen. Rairayi ba ya barin ɗaki. Saboda haka a ƙasa irin tamu, duk ceton da za a yi kafin ruftawa ake yinsa.

Shi ya sa a Amurka doka ta ce duk ramin aiki da ya kai zurfin ƙafa 5, in ba cikin dutse yake ba, tilas a tokare bangonsa ko a kwantar da shi ya zama gangare. A ƙasa mai yashi, duk zurfin ƙafa 2 sai an ja baya ƙafa 3. Ƙasar da aka fitar kuma ba a tara ta a bakin rami, sai an matsar da ita aƙalla ƙafa 2. Ƙafa 5 fa, jama'a, bai kai tsayin yawancin maza ba. Mu kuwa sau nawa muke ganin masu ɗibar yashi sun ƙwaƙule gindin gaɓa mai tsayin mutum biyu, sun bar samanta kamar rumfa, har suna shiga inuwarta su huta?

Alamun haɗari ba ɓoyayyu ba ne. Bakin rami ya tsage. Yashi yana zubowa kaɗan kaɗan ba wanda ya taɓa shi. Ruwa yana tsattsafowa daga bango. Katakon tokara yana ƙara ko yana lanƙwashewa. An kwana ana ruwan sama. Tifa ta tsaya daf da baki injinta yana girgiza ƙasa. A rami mai zurfi kuma akwai haɗarin iska: mutum ya ji kansa yana sarawa, jiri yana ɗibarsa, numfashi yana yi masa wuya. Tsofaffin mahaƙa rijiya sukan zura fitila kafin mutum ya sauka, idan ta mutu ba mai shiga. Dabara ce mai kyau, amma fitila tana nuna ƙarancin iska ne kawai. Gubar da take cikin hayaƙin janareta da na injin jan ruwa ba ta da wari, ba ta da launi, tana kuma iya kashe mutum alhali fitila tana ci.

DON ME MAI GANI YAKE YIN SHIRU?

Wanda yake fara ganin alamun nan shi ne wanda yake can ƙasa, ƙaramin yaro mai cika buhu ko mai riƙe da shebur. Shi ne kuwa wanda maganarsa ba ta da nauyi. Abubuwa huɗu suke rufe masa baki.

Na farko, yadda ake biya. A yawancin wuraren nan ba albashi, sai dai kaso daga abin da aka fitar, ko kuɗin kowace tifa da aka cika. Ranar da ba a yi aiki ba, ba a ci ba. Wanda ya ce a tsaya ya taɓa abincin abokansa duka.

Na biyu, bashi. Mai kuɗi ne yake ba da abinci da kayan aiki tun kafin a ga ƙwayar zinariya, yana kuma lissafi. Yaron da ya yi wata biyu yana cin bashi ba ya iya ɗaga ido ya ce yau ba zai sauka ba.

Na uku, kunya. A cikin samari, wanda ya ce yana tsoro ya zama abin dariya, a ce masa rago, a ce ya koma wurin uwarsa. Wasu har ƙwaya suke sha domin su kashe gajiya da tsoro, tsoron nan kuwa shi ne mai gadin ransu.

Na huɗu, tarbiyyarmu. Mun koya wa yaro kada ya yi musu da babba, abu ne mai kyau a gida da kasuwa. Amma a cikin rami, idan yaro ya ga tsaga babba bai gani ba, ladabin da ya sa shi shiru zai binne su duka biyu.

Duk wanda yake so ya hana mutuwa a rami, waɗannan abubuwa huɗu ne zai yi fama da su. Raba hular kwano ya fi sauƙi, yana kuma da kyau a hoto, amma hula ba ta ɗaukar nauyin buhu 15.

DARASI DAGA AFIRKA TA KUDU

Kada wani ya ce abin da muke nema mafarki ne, gama an yi shi a nahiyarmu. Afirka ta Kudu tana da ramukan zinariya mafi zurfi a duniya, ta kuma daɗe tana binne ma'aikata. A shekarar 1994 mutum 484 suka mutu a ma'adinanta. A watan Mayu na 1995, a ramin Vaal Reefs, mutum 104 suka mutu a haɗari guda. A shekarar 1996 aka kafa sabuwar dokar lafiya da tsaron mahaƙa. Cikin abin da dokar ta tanada akwai abubuwa biyu da suka shafi maganarmu: ma'aikata su zaɓi wakilansu masu lura da tsaro, kowane ma'aikaci kuma yana da ikon barin wurin aiki idan yana da dalilin ganin akwai haɗari mai tsanani ga ransa ko lafiyarsa. A shekarar 2024 yawan waɗanda suka mutu ya sauko zuwa 42.

Ba mu ce doka kaɗai ta yi wannan ba. An kashe kuɗi a kan injuna da horo, yawan ma'aikata ma ya canza, mutum 42 kuma ba kaɗan ba ne ga iyalansu. Amma an ɗauki maganar na ƙasa da muhimmanci, aka rubuta ta a doka, aka yi shekaru ana koya wa shugabannin aiki cewa wanda ya tsai da aiki saboda haɗari ba mai laifi ba ne. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 176, ta shekarar 1995, ita ma ta amince wa mahaƙi da wannan iko. Wannan sashe na darasin ba ya bukatar injin miliyoyi. Mutum goma masu rami ɗaya za su iya yarda da shi a tsakaninsu yau da yamma.

RUFE RAMI BA YA CIKA CIKI

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a hana haƙar gaba ɗaya, a kama duk wanda aka samu. Mun fahimci fushinsu, amma an gwada. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, ba a ɗage hanin ba sai a watan Disamba na 2024. Kowa ya san haƙa ba ta tsaya ba cikin shekarun nan biyar. A watan Maris na 2024 kuma aka kafa rundunar musamman ta masu tsaron ma'adinai. Kama masu satar arzikin ƙasa daidai ne, amma idan ƙaramin mahaƙi ya zama abin farauta, sai ya koma haƙar dare, ya shiga daji inda ba mai duba ramin, idan haɗari ya auku kuma a ɓoye gawa domin tsoron hukuma.

Mu mutanen bakin iyaka mun san abin da yake tura yaro rami. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, Maigatari tana cikin huɗun farko da aka buɗe a watan Disamba na 2020. Aka sake rufe iyakar Nijar a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulki a can, har zuwa watan Maris na 2024. Duk wanda abincinsa yake rataye da kasuwar Alhamis ta Maigatari, ɗan dako ne, ko mai lodin shanu, ko direba, ko mai tuwo, ya san yadda waɗannan watanni suka kasance. Ba za mu iya ce wa saurayi "kada ka tafi" da hannu wofi ba. Abin da za mu iya shi ne mu sa ya tafi da sani, ya kuma dawo da ƙafafunsa.

Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta shekarar 2007 ta buɗe ƙofa a nan. Ta tanadi lasisin ƙananan mahaƙa da na masu fasa dutse da ɗibar yashi, ta kuma ɗora wa gwamnati nauyin taimakon ƙananan mahaƙa da suka haɗu cikin ƙungiyoyin gama-kai masu rajista. Mutanen da suke da ƙungiya suna da suna da adireshi, ana iya koya musu, ana iya tuhumarsu, su ma suna iya kai ƙara.

MUTUWAR DA AKE KAWOWA GIDA

Ba ruftawa kaɗai take kisa ba, iyaye mata su saurara da kyau. A shekarar 2010 aka gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Dutsen zinariyar wurin yana da dalma mai yawa, mutane kuwa suna kawo shi cikin gida suna daka shi, suna niƙa shi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara fiye da 400 suka mutu, dubbai suka kamu da gubar, wadda takan taɓa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rai. Bagega ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013. A shekarar 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Saboda haka idan ɗanku ya dawo daga haƙar zinariya, kada buhun dutse ya shiga gida, kada a daka shi a turmin abinci ko a kai shi injin niƙan hatsi. Kayan da ya yi aiki da su a wanke su dabam, nesa da yara. Zaibar da ake kama zinariya da ita kuma, idan aka ƙona ta, tururinta guba ne, ba a yin wannan a ɗaki ko kusa da mai ciki. A wurin aiki, jiƙa dutse da ruwa lokacin niƙa yana rage ƙura ƙwarai, an gwada haka a Jihar Neja tare da likitocin ƙungiyar MSF, aka ga amfaninsa.

ƘA'IDODIN BAKIN RAMI

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiyar mahaƙa, da masu ɗibar yashi, da mahaƙa rijiya, su amince da shi a gaban shaidu:

1. Kowa, komai ƙanƙantarsa, yana da ikon cewa "a fito". Idan an faɗa, a fito tukuna, sa'an nan a yi gardama a waje.

2. A kafa asusu kamar adashi, a riƙa cire wani abu kaɗan daga kowace tifa ko kowane buhu, domin ranar da aka tsai da aiki saboda haɗari kowa ya sami na abinci. Wannan shi ne ƙashin bayan sauran, gama mai jin yunwa ba ya tsai da aiki.

3. Kowace safiya, da kuma bayan kowane ruwan sama, mutum ɗaya da aka zaɓa ya zagaya ramin kafin kowa ya sauka.

4. Ba ƙwaƙule gindin gaɓa. A sare daga sama, a kwantar da bango, ko a tokare shi. Tulin ƙasa da mota su yi nesa da baki.

5. Janareta da injin jan ruwa su zauna a waje, inda iska ba za ta kai hayaƙinsu cikin rami ba.

6. Ba mai sauka shi kaɗai. Ya ɗaura igiya, a bar mutum a sama wanda ba shi da wani aiki sai kallonsa. A rubuta sunan duk wanda ya sauka, a soke idan ya fito.

7. Idan wani ya faɗi a ƙasan rami ko rijiya, kada a bi shi haka kawai. Sau da yawa iskar da ta kayar da na farko ita take kashe na biyu da na uku. A jawo shi da igiya.

8. Ba yara, ba ƙwaya, ba giya.

9. Idan ƙasa ta zubo ba ta sami kowa ba, kada a yi dariya a ci gaba. A zauna a tambayi dalili, gama gargaɗi ne aka samu kyauta.

KOWA DA NASA NAUYIN

A nan ne Yankin Ciniki Maras Shinge na Maigatari ya shigo. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa shi, gwamnatocin jiha kuma suna ta maganar farfaɗo da shi, tare da jawo masana'antu zuwa Gagarawa. Muna fatan alheri. Amma kowane sito da kowace hanya da za a gina suna cin yashi da burji da tsakuwa, bayan kowace tifa kuma akwai rami da mutane a ciki. Tun ran gini ran zane. Muna roƙon hukumar yankin da gwamnatin Jihar Jigawa su rubuta a cikin kowace kwangila cewa ba za a karɓi kaya ba sai daga ramin da aka sani, wanda aka duba, wanda yake bin ƙa'ida. Idan mai saye ya sa sharaɗi, mai sayarwa zai bi tun kafin ɗan sanda ya zo. Ɗan kwangilar da ya gama ɗibar burji kuma ya cike ramin ko ya kwantar da bakinsa, domin ramin da aka bari da rani shi ne kududdufin da yake cin yara da damina. Mutanen Filato, da tsofaffin ramukan kuza suka kewaye su, za su ba mu labari.

Ƙananan hukumomin nan huɗu su ƙidaya ramukan da suke ƙasarsu, su san mai kowane ɗaya, su haɗa kai da jami'in ma'adinai na tarayya da yake jihar. Masarautar Gumel, daga hakimai har masu unguwanni, ita ce ta fi kowa sanin inda ake haƙa. Idan mai gari ya ce ba za a taɓa gaɓar nan ba sai an gyara ta, magana ta ƙare. Ƙungiyoyin direbobin tifa su hana 'ya'yansu lodi a ƙarƙashin gaɓar da aka ƙwaƙule.

Sauran nauyin namu ne, 'yan'uwa. Masu haƙar nan a cikinmu suke zaune, mu ne muke zuwa jana'izarsu. Ƙungiyoyinmu na matasa da na mata za su iya ware yini ɗaya bayan girbi, kafin 'yan ci-rani su watse, a kira tsohon mahaƙi da ma'aikacin lafiya su yi bayani, a gayyaci maƙwabta duka ba tare da bambanci ba. Idan muna gina ɗakin taro ko makaranta da aikin gayya, mu fara bin ƙa'idodin nan a ramin da muke ɗibar ƙasa. Wanda yake da rami ko tifa a cikinmu kuwa, dattawa su tambaye shi yadda yake riƙe da yaransa, kamar yadda za su tambaye shi a kan iyalinsa.

Iyaye kuma, idan ɗanku ya aiko kuɗi daga wurin haƙa, kafin ku tambaye shi nawa ne, ku tambaye shi ko an tokare ramin, ko akwai mai tsaye a sama. Ku faɗa masa da bakinku cewa idan ya ga tsaga ya fito, ko da zai dawo gida ba ko sisi, ba wanda zai yi masa gori. Yaro da yawa yana zama cikin rami ne domin kunyar komowa hannu wofi, wannan kunya kuwa mu ne muka ɗora masa ita, mu ne kuma za mu iya sauke ta.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mutanen Ɗan Isa da Galkogo da Bassa sun riga sun biya kuɗin wannan darasi da rayukan 'ya'yansu. Kada mu jira sai an kawo namu a bayan mota kafin mu koya. Allah ya kiyaye masu neman abinci a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma ba mu kunnen jin ƙaramin cikinsu ranar da ya ce a fito.